Dutse, Takalmi da Abokin Gudu: Nazarin Tseren Hawan Dutse a Mahangar Ƙasar Rano da Kibiya

Tseren hawan dutse wasa ne da ake yi a hanyar da ba ta ga kwalta ba. A hau tudu da gudu, wani lokaci a gangaro, wanda ya riga isa shi ne gwani. Wasan yana da hukumarsa ta duniya tun 1984, kuma an yi gasarsa ta duniya ta farko a Italiya a 1985. A ƙasar Kano bai kafu da suna ba tukuna, ko da yake kayan haɗinsa suna nan zube a kudancin jihar. Wannan nazari zai auna ƙasar Rano da Kibiya da ma'aunin wasan ta fuskar ƙasar da za a taka, da takalmin da za a taka ta da shi, da kuma wanda za a yi gudun tare da shi. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne tallar kamfanoni ta juya mana jerin nan baibai. An sa takalmi a gaba, alhali shi ne na ƙarshe a muhimmanci. Ga matar aure kuwa, abokin gudu ne kan gaba, domin in babu shi sauran biyun ba su da wata fa'ida gare ta.

Mu fara da ƙasar. Rano, garin Autan Bawo, tana cikin Hausa Bakwai, kuma duk wanda ya bi ta hanyar Rurum zuwa madatsar Tiga ya ga irin duwatsun da ke yankin: manyan curarru da suka hau kan juna, da falalen dutse mai faɗi, da ƙananan tuddai da gonaki suka kewaye. Daga nan zuwa Kibiya da ƙauyukanta irin su Tarai da Durba da Fammar, ƙasa ɗaya ce a asali, tsohon dutse ne a ƙarƙashi, wani wuri ya leƙo, wani wuri marmara da jar ƙasa suka rufe shi. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan ƙafa ce ta yi su, ƙafar manomi da ta makiyayi da ta mai zuwa cin kasuwa.

Akwai abin da wannan ƙasa ba za ta bayar ba, kuma gara a faɗe shi tun da wuri. Ba ta da tsayi. Garin Iten na Kenya yana bisa kimanin mita 2,400 daga doron teku, Bekoji ta Habasha, mahaifar Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, tana kusan mita 2,800. A irin wannan tsayi iskar da ake shaƙa ba ta ƙosar da jiki, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya rama, kuma wannan ƙari shi ne ke amfanar mai gudu in ya sauko ƙasa. Masana sun fi ganin wannan tasiri daga wajen mita 2,000 zuwa sama. Birnin Kano bai kai mita 500 ba, Rano da Kibiya sun ɗara shi kaɗan, duwatsun Riruwai ne kawai a jihar suka haura 1,000. Hatta Jos, wadda yankinta ya fi ko'ina fitar da masu gudun dogon zango a Nijeriya, kimanin mita 1,200 ce. Saboda haka wanda ya ce hawan dutsen Rurum zai ba yaro jinin ɗan Iten ya faɗi abin da ilimi bai goyi bayansa ba.

Sai dai tsayin wuri daban, gangarensa daban, kuma tseren dutse ya fi dogara ga na biyun. Ɗaya daga cikin tsofaffin jijiyoyin wasan yana arewacin Ingila, inda dutse mafi tsawo bai cika mita 1,000 ba. A can, tun ƙarni na 19, makiyayan tumaki ne ke tsere zuwa ƙololuwar tudu su dawo a ranar bikin ƙauye. Shahararren cikinsu a zamanin baya-bayan nan, Joss Naylor, makiyayi ne har tsufansa, kuma a 1975 ya taka ƙololuwa 72 cikin sa'a 24. Ba makarantar wasanni ce ta koya masa ba, bin tumaki ne a kan gangare tun yana yaro. Mai karatu da ya taɓa ganin yaron Bafillace yana tsallake duwatsu don ya tare saniyar da ta nufi gonar mutane zai gane cewa muna da irin wannan ƙafa a gida. Abin da makiyayan Ingila suka fi namu da shi shi ne ranar da gari ke taruwa a auna wa ya fi wa, a kuma rubuta lokacin da kowa ya yi don na baya su samu abin kora.

Me gangare ke yi wa jiki? Binciken da Alberto Minetti da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya auna ƙarfin da mai gudu ke ƙonawa a hawa da sauka. Sun gano cewa inda hanya ke tashi mita 20 a cikin kowace mita 100, abin da jiki ke kashewa ya ninka na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sau biyu da rabi, in kuwa tashin ya kai mita 45, ya haura ninki biyar. Daga nan za a fahimci abin da ya sa ƙwararru ba sa jin kunyar komawa tafiya da sassarfa, hannu bisa gwiwa, idan hawa ya miƙe. A irin wannan wuri tafiya ta fi gudu arha ga jiki, sau da yawa kuma ba ta fi shi jinkiri ba. Sabon shiga shi ne ke dagewa sai ya yi gudu har ƙololuwa, ya isa numfashi ya ƙare, waɗanda ya wuce su zo su wuce shi a gangara.

Gangarar ce ma ta fi cin mutum, ko da yake ba ta sa haki. A hawa, tsoka tana tsukewa ta ɗaga jiki. A sauka kuwa tsokar cinya tana aikin birki, tana miƙewa alhali tana ɗauke da nauyi, kuma wannan yana yi mata ƙananan yage-yage da ido ba ya gani. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa ranar, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, har mutum ya kasa durƙusawa a salla. Abin lura shi ne jiki yana koyon darasi: gangara ɗaya mai matsakaicin wahala tana rage ɓarnar ta gaba har tsawon makonni. A nan ne ƙaramin tudu ya fi babba amfani ga mai koyo. Tudun da tsayinsa mita 80 ne, in aka hau shi sau goma, an tara hawan mita 800, an kuma samu gangara goma gajeru da jiki zai iya jurewa. Maimaita hawan tudu tsohuwar dabara ce, da ita Arthur Lydiard na Niyuzilan ya gina Peter Snell, wanda ya ci zinariya a Olamfik ta 1960 da ta 1964.

Ban ambaci mita 800 haka kawai ba. Shi ne kusan abin da aka riƙa hawa a tseren Obudu na Jihar Kuros Riba, wanda gwamna Donald Duke ya fara a 2005: kilomita 11 da ɗoriya, hawa zalla, ladan na ɗaya dala 50,000, mafi tsoka a duniyar wannan wasa a lokacin. A can aka fara gasar cin kofin Afirka ta tseren dutse a 2009. Gasar ta ɗaga sunan Nijeriya, amma baƙi ne suka riƙa kwashe manyan kyaututtukan, galibi 'yan Habasha da Kenya, kuma bayan kamar shekara goma ta dusashe. Darasin da na ɗauka shi ne kuɗi masu yawa suna kiran gwanin da ya riga ya nuna a wani wuri, ba sa shuka na gida. Tarihin da Abbas Mohammed ya kafa wa Nijeriya a gudun fanfalaki a 1990, sa'a 2 da minti 16, ya haura shekara talatin ba a goge shi ba. Babu ƙarancin ƙafafu a ƙasar nan. Ƙarancin ƙananan tsere ne na ƙauye da na makaranta, waɗanda ake yi kowace shekara ba fashi.

Yanzu ga takalmi. A 1960 Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum ba takalmi, cikin sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokiyo da takalmi, ya rage minti uku. A 2017 wata mata daga ƙabilar Raramuri ta Meziko, Lorena Ramírez, ta lashe tseren dutse na kilomita 50 sanye da siket da takalmin da aka yanka tafinsa daga tsohuwar roba, ɗan'uwan takalmin tayar da muka sani a kasuwannin ƙauye. Ana yawan kawo waɗannan labarai biyu don a ce takalmi ba komai ba ne. Ni ba haka na karanta su ba. Su biyun ƙafafunsu sun shekara da shekaru suna sabawa da abin da suka taka da shi. Binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Habad, wanda ya fito a 2010 kuma ya haɗa da matasan Kenya, ya nuna cewa wanda ya tashi yana gudu ba takalmi ya fi saukowa a kan gaban tafin ƙafa, wanda ya saba da takalmi mai kaurin dunduniya kuma ya fi dira a kan dunduniya. Ma'ana, takalmi yana sauya salon taku, kuma sauya shi dare ɗaya, ko daga roba zuwa na kanti ko daga na kanti zuwa roba, shi ne ke jawo ciwon agara da na ƙashin ƙafa.

A ɗaya gefen akwai takalman zamani masu tudun soso da farantin kabon a ciki, waɗanda kamfanin Nike ya fito da su kasuwa a 2017. Gwaji ya nuna suna rage ƙarfin da ake ƙonawa da kimanin kashi 4 cikin 100, har hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafinsu ga milimita 40 a 2020 don tseren titi. Gaskiya ne suna aiki, amma a kan kwalta miƙaƙƙiya. A kan dutse mai karkata, tudun soso yana nisanta ƙafa da ƙasa, idon sawu ya riƙa rawa, targaɗe ya matso kusa. Matashin da ya tara kuɗin aikin damina ya sayi irin wannan don ya hau duwatsun Rurum ya sayi abin da zai cuce shi.

Ƙasar da za a taka ita ke zaɓen takalmi, kuma ƙasar Rano da Kibiya iri uku ce a tafiya ɗaya. A kan falalen dutse busasshe ana son roba mai taushi da faɗin tafi, don yawan abin da ya manne da dutse shi ne riƙo. A kan tsakuwa da taɓon damina ana son haƙora masu zurfin milimita 4 zuwa 6 da tazara a tsakaninsu don laka ta zube. A kan hanyar gona kuma abokan gaba su ne ƙaya da tsidau da ƙarangiya da kututturen kara bayan girbi, don haka tafin yana bukatar ƙwari, saman kuma ya zama rufaffe. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, wanda samarinmu suka fi mallaka, shi ne mafi haɗari a kan dutse, domin jiki duka yana tsaye ne a kan 'yan tsinina masu tauri da ba sa kama komai. Tarihin tafin roba mai haƙora ma daga haɗari ya faro: bayan mutuwar mahaya dutse shida a Italiya a 1935, Vitale Bramani ya ƙirƙiro tafin da ake kira Vibram a 1937. Dutse mai santsi bayan ruwan sama, musamman inda gansakuka ta kwanta, babu tafin da za a amince masa a kai.

Mafi yawan masu sha'awa a yankin nan daga gwanjo za su saya, a Ƙofar Wambai ko a ranar kasuwar gari, kuma ba laifi a ciki in an san abin dubawa. Soson takalmin gudu yana mutuwa bayan kimanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na ƙyalli. A danna shi da babban yatsa, in bai taso ba ya gama aiki. A lanƙwasa a duba ko gam ya saki, don zafin ƙasar nan yana busar da shi. A bar tazarar faɗin yatsa a gaba, saboda a gangara ƙafa tana zamewa gaba, farce ya daki bango har ya baƙe ya cire. Nauyi ma abin lura ne, kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin mai gudu. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, takalmin da ba a yi mako biyu ana horo da shi ba, ba a shiga tsere da shi. Takalmin roba rufaffe irin na makiyaya yana da riƙo mai kyau a kan busasshen dutse kuma ƙaya ba ta huda shi da sauƙi, aibinsa zufa da bororo, waɗanda safa mai kauri ke ragewa. Ga mai fara koyo ya wadatar.

Na zo kan abin da na fi damuwa da shi. A duniyar wannan wasa akwai ma'aurata da suka shahara tare. Kilian Jornet ɗan Sifen, wanda ya lashe tseren zagaye dutsen Mont Blanc mai kimanin kilomita 170 har sau huɗu tsakanin 2008 da 2022, da Emelie Forsberg 'yar Suwidin, ita ma zakara a fagen, suna zaune a Nowe suna renon 'ya'yansu suna kuma horo. Courtney Dauwalter ta Amurka ta ci manyan tsere uku na mil ɗari a shekara ɗaya, 2023, kuma mijinta ne ke jagorantar masu tarbarta da abinci da ruwa a zango-zango. Abin koyi a nan shi ne rabon aiki. Horon dutse yana cin lokaci, kuma a gidan da ke da yara lokacin ɗaya daga wuyan ɗayan yake fitowa.

Mu kuma muna da misalin da ya fi waɗannan kusa da zukatanmu. Abu Dawud da Imamu Ahmad sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata tafiya, ta kuma riga shi. Bayan shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, shi ya riga ta, ya yi mata raha cewa an rama. Mai nazari zai tsinci abubuwa da dama a cikin wannan ruwaya. A fili aka yi tseren, a hanyar tafiya. A ruwayar Ahmad, sai da ya umarci jama'a su yi gaba tukuna, wato an nemi keɓewa ba tare da an fasa gudun ba. An yi shi sau biyu da tazarar shekaru. Kuma mace ta riga mijinta, mafificin halitta, bai ɗauki hakan raini ba. Malamanmu suna karanta hadisin a babin kyautata wa iyali, kuma daidai ne. Ina ganin ya kamata a riƙa karanta shi a babin lafiyar jiki ma.

A ƙasar Kibiya, kamar sauran karkarar Kano, yarinya tana gudu da tsalle har ta zama budurwa, daga aure kuma sai motsin ya koma daka da ɗiban ruwa da hidimar yara. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, amma bai maye gurbin motsa zuciya da huhu ba, kuma hawan jini da ciwon suga ba su tsaya a birni ba. Macen da za ta fita ita kaɗai da asuba ta nufi tudu za ta sha surutu, wataƙila ma ta gamu da abin da ya fi surutu. In maigida ne a gefenta, bakin mutane ya mutu. Shi ne kaɗai abokin gudun da ba ya bukatar bayani ga kowa. Sutura ba matsala ba ce, wando mai faɗi da doguwar riga mara nauyi da ƙaramin hijabi da ba ya kaɗawa sun isa, siket ɗin Lorena ya riga ya ba da amsa. Matsalar da ta fi wannan ita ce saurin taku. Namiji yakan fi ƙarfi a farko, in ya mai da kowace fita gasa, uwargida za ta daina zuwa cikin mako guda. Maimaita tudu yana warware wannan cikin sauƙi: shi ya hau sau takwas, ita sau huɗu, suna ganin juna, suna haɗuwa a gindin tudu. Mai ciki, da mai jego, da wadda ke yawan jin jiri ko kasala, su fara da ganin ma'aikacin lafiya, domin ƙarancin jini ya yawaita a tsakanin matanmu kuma hawa yana tona shi da wuri.

Lokaci kuma yana hannun yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kakar horo, gonaki sun buɗe, safiya da sanyi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya zauna gida. A bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40, bayan sallar asuba ne kawai lokacin da hankali zai yarda da shi. Zafin yana da nasa amfani, domin jikin da ya yi kwana goma zuwa mako biyu yana aiki a cikinsa yana ƙara ruwan jini ya kuma fara zufa da wuri, amma riba ce da ke zaune dab da haɗari, jiri ko ɗaukewar zufa alama ce ta a tsaya nan take a nemi inuwa da ruwa. Da damina kuma a kiyayi abu biyu, shukar mutane da maciji. Kububuwa tana son gindin duwatsu, don haka ba a cusa hannu a rami, ba a kuma fita da silifa kafin gari ya waye. Wanda zai mai da wani tudu wurin horonsa, ya fara gaida mai unguwa da mai gonar da ke gindinsa.

Duk abin da aka lissafa a nan ba ya bukatar filin wasa ko kwangila. Ina kira ga sassan wasanni na ƙananan hukumomin Kibiya da Rano, da shugabannin makarantun sakandare, da Masarautar Rano, su tsai da rana ɗaya a cikin hunturu, su auna hanya ta kilomita 5 zuwa 8 da ta haɗa da tudu, su ware rukunin samari da na 'yan mata da na ma'aurata, a rubuta lokacin kowa a ajiye, a kuma maimaita a hanya ɗaya kowace shekara. Kyautar ta zama daidai ƙarfin gari, ko buhun masara ne, don kada gasar ta mutu ranar da mai ba da kuɗi ya sauka daga kujera. Kai kuma maigida, ba sai ka jira wannan rana ba, tudun da ke bayan garinku ya ishe ku farawa, kai da iyalinka.